Kaffu Maryam da Furen Jeriko: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Jarinsa



Sati uku da suka wuce wani yaro ɗan garinmu, mai tura baro a kasuwar Mile 1, ya same ni a rumfa nan Mile 2 Diobu da waya a hannu. Ya ce, "Baba Alhaji, don Allah dubi wannan." Bidiyo ne na wata busasshiyar ciyawa dunƙule kamar gammo, an sa ta a kwano an zuba ruwa, sai ga ta ta buɗe ta yi kore shar. Mai bidiyon yana cewa wai ana noma ta a buhu a bayan ɗaki, ba taki ba wahala, wata uku ka fara ƙirga kuɗi. Yaron nan ya ɗauki adashinsa ke nan, yana shirin tura kuɗin a aiko masa da iri. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Na fi shekara goma ina sayar da kayan yaji da busassun ganyayyaki a Fatakwal, kuma wannan ciyawa tana cikin kayana. Na ci riba a kanta, na kuma yi asara a kanta. Tun da tambayar ta yi yawa, daga nan Diobu har wajen 'yan uwanmu na Anacha da Inugu, na ga ya dace in tattara abin da na sani wuri guda.

Suna ɗaya, shuka biyu

Abu na farko, kuma shi ne tushen duk ruɗanin: abin da ake sayarwa da wannan suna ba shuka ɗaya ba ce, biyu ce, kuma ko dangantaka babu tsakaninsu.

Ta farko ita ce wadda alhazai suke kawowa tsaraba daga Makka da Madina. Larabawa suna ce mata Kaffu Maryam, wato tafin hannun Maryam, wasu kuma Shajaratu Maryam. A Indunusiya da Malesiya sunan Nana Fatima suke jingina mata. Masana tsirrai suna kiranta Anastatica hierochuntica, sunan da Carl Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya ba ta a shekarar 1753. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta tashi bayan mutuwa. Ta biyu kuma tana nufin garin Jeriko, wanda Larabawa ke kira Ariha, a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Dangin kabeji ce da lansir. Tana fitowa a hamadar da ta taso daga Muritaniya da Maroko, ta bi ta Aljeriya da Libiya da Masar, ta ratsa Saudiyya da Iraƙi da Iran har Pakistan.

Ta biyu, wadda ke yin kore a bidiyo, daga hamadar Chihuahua take, tsakanin arewacin Meziko da jihohin Texas da New Mexico na Amurka. Sunanta Selaginella lepidophylla, mutanen Meziko kuma suna ce mata doradilla. Kwastomominmu 'yan Kudu idan suka ce furen Jeriko, yawanci ita suke nufi.

Ga yadda za ka bambance su da ido da hannu:

Kaffu Maryam itace ce, tauri gare ta, launinta toka-toka, ta dunƙule kamar hannun da aka yi dunƙulen naushi. A gindinta akwai saiwa ɗaya miƙaƙƙiya kamar ƙusa. Idan ka jiƙa ta, rassan ne kawai suke buɗewa kamar yatsu. Ba ganye, kuma ba ta yin kore ko ta kwana a ruwa. Idan ka duba da kyau za ka ga ƙananan kwanson iri manne a jikin rassan.

Ta Meziko kuwa taushi gare ta, ruwan ƙasa ce, kamar sheƙar tsuntsu, saiwarta siri-siri kamar gashi. Idan ta sha ruwa takan shimfiɗe kamar faifai cikin 'yan sa'o'i, ganyenta ya yi kore.

Wacce ta mutu, wacce ke da rai

A nan ne abin mamakin yake. Kaffu Maryam da ka gani a kasuwa matacciya ce, ba ta farfaɗowa. Buɗewar da take yi aikin itace ne: gefe ɗaya na reshen ya fi ɗaya kumbura idan ya sha ruwa, sai reshen ya miƙe. Kamar dai yadda ƙofar katako take cijewa da damina ta saki da rani. Abin da ke da rai a jikinta shi ne irin da ta rungume.

A hamada, ciyawar shekara ɗaya ce. Idan aka yi ruwa, wanda a can galibi lokacin sanyi yake zuwa, sai ta tsiro a kwari ko busasshiyar ƙorama inda ruwa ke taruwa. Tsawonta ba ya cika wuce santimita 15. Takan yi ƙananan furanni farare, ta yi 'ya'ya, ganyen ya zube, rassan su ƙeƙashe su lanƙwaso ciki su rufe 'ya'yan. Haka za ta zauna a wurin shekara da shekaru, rana na dukanta, ɓera da tururuwa ba su isa ga irin cikin sauƙi ba. Ranar da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, sai ta buɗe, ɗigon ruwan ya bugi kwanson ya ɓalle shi, irin ya faɗo. Irin yana yin yauƙi kamar na lansir, ya manne a ƙasa, ya tsiro cikin sa'o'i kaɗan. Kuma ba ta sakin irin gaba ɗaya. Takan saki wani, ta sake rufewa, ta ajiye saura don ruwan gaba. Wato rumbu ce Allah Ya yi wa hamada.

Ta Meziko kuma akasin haka. Ita da gaske tana da rai a bushe. Tana iya rasa kusan kashi 95 cikin 100 na ruwan jikinta ba ta mutu ba, kuma daga cikin abin da ke taimaka mata akwai wani nau'in sukari mai suna tirehalos da ke kare ƙwayoyin jikinta. Amma ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta da irin da za a ƙulla a leda. Da wata ƙura mai laushi take yaɗuwa. To ka ga duk wanda ya nuna maka koriyar nan a bidiyo ya ce zai aiko maka da irinta, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai. Ƙari a kan haka, ko ta mutu tana ci gaba da buɗewa idan ta sha ruwa, sai dai ba ta yin kore sosai. Buɗewa kaɗai ba shaidar rai ba ce.

Akwai irin waɗannan tsirrai masu farfaɗowa a kudancin Afirka ma. Farfesa Jill Farrant ta Jami'ar Cape Town ta daɗe tana nazarinsu, da fatan a gano yadda za a sa amfanin gona ya jure fari. Wannan shi ne babban amfanin da masana ke hange a jikinsu.

Yadda ake girbinsu

Mafi yawan abin da ke kasuwa ba noma shi ake yi ba, tsinto shi ake yi a jeji. A ƙasashen Larabawa mutanen karkara da makiyaya ne suke tuge Kaffu Maryam da saiwarta bayan ta gama bushewa, su kakkaɓe yashi, su tara a buhu su kai wa masu shagunan ganyayyaki. Matsalar ita ce duk dunƙule ɗaya da aka tuge, an ɗauke irin shekaru ne daga wurin. Idan aka share kwari ɗaya tas, ko ruwa ya zo ba abin da zai tsiro.

Ta Meziko a jikin duwatsu take fitowa, kuma girmanta a hankali ne. Da hannu ake ɓamɓaro ta. Saboda yawan ɗibarta, tun 1996 gwamnatin Meziko ta fitar da ƙa'ida kan yadda za a cire ta, a yi jigilarta, a ajiye ta. Kuma da zarar an raba ta da dutsenta, da wuya ta sake kama ƙasa. Za ta yi ta buɗewa tana rufewa a kwano, amma ba za ta haihu ta cika maka gona ba.

Za a iya noma ta a nan?

Gani ya kori ji, don haka bari in faɗi abin da na gwada da hannuna a kan Kaffu Maryam, tun da ita ce mai iri.

Fitar da irin ba wuya. Ka jiƙa dunƙulen har ya buɗe, ka kifa shi a kan faranti, ka riƙa bugun bayansa ko ka yayyafa masa ruwa da ƙarfi, za ka ga ƙananan ƙwayoyi suna faɗowa. Ka barbaɗa su a kan yashi, kada ka binne su da zurfi, ka sa a rana.

Karo na farko a watan Yuni na shuka a bokiti nan Diobu. Washegari suka tsiro, har na fara lissafin riba. Kafin sati biyu duk sun ruɓe daga gindi sun kwanta. Karo na biyu na jira Disamba, na samo yashin gini, na ajiye bokitin inda ruwa ba ya taɓawa. Wannan karon sun rayu, har sun yi fure, amma sirara ne marasa ƙwari, kuma kafin su ƙeƙashe ruwan farkon shekara ya sauko, fumfuna ta cinye su.

Dalilin a fili yake. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, ita kuwa ta saba da wuraren da sau da yawa ruwan shekara bai kai milimita 100 ba. Ko an kare ta daga ruwan sama, ba za a iya kare ta daga laimar da ke cikin iskarmu ba. Anacha da Inugu sun fi mu sauƙin danshi, amma su ma ba wurinta ba ne.

Ragowar irin na aika wa ƙanena a Illela ta jihar Sakkwato. Shi ya shuka a gefen lambu lokacin hunturu, a ƙasa mai yashi, yana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Da kwanson ya cika ya daina ban ruwa, ya bar ta a tsaye har ganyen ya zube ta dunƙule, sannan ya tuge da saiwa. Ya samu wasu kamar lemun tsami, wasu sun kusa lemun zaƙi. Girman dunƙulen yana bin yawan ruwan da ta samu tana ƙarama. Wato a can ƙuryar Arewa, da rani, abin yana yiwuwa.

Amma yiwuwa daban, riba daban. Barkono da citta da kanumfari cin su ake yi, kwastoma ya saya yau ya dawo jibi. Ita wannan, mutum ya sayi ɗaya ya shekara biyar yana jiƙawa yana shanyawa. Kasuwarta ƙanƙanuwa ce. Kwali ɗaya yakan kai ni wata da watanni. Wanda zai gwada a gida, ya gwada a kwami biyu ko uku a gefen albasarsa, kada ya ba ta fili, kuma ya bar wasu dunƙulen don iri.

Ajiya: inda kuɗin ɗan kasuwar Kudu yake zubewa

Mu a nan abin da ya shafe mu shi ne saye da ajiya. Kaffu Maryam takan shigo ta hannun alhazai da masu Umara da masu shagunan magungunan Musulunci, mu kuma mu saro daga Kano a sako mana a mota. Ta Meziko kuwa ta hannun masu odar kaya daga waje take zuwa, ta biyo Legas ko Anacha.

Asarata mafi girma a shekarata ta biyu na yi ta. An sako min kwali a motar albasa, ruwa ya dake su a hanya, na karɓa ban buɗe ba na tura ƙarƙashin tebur. Bayan kwana goma na buɗe, fiye da sulusin kayan sun yi fari da fumfuna, suna warin ruɓa. Tun daga ranar na koyi waɗannan:

1. Ka ce a sa maka kayan a leda mai kauri kafin a sa a kwali, kuma kada a ɗora su kusa da tumatur ko wani ɗanyen kaya.
2. Ranar da suka iso ka buɗe, ka baza su a rana su sha iska. Wanda ya fara fari ko baƙi ka ware shi nan take, don fumfuna yaɗuwa take.
3. Ka ajiye a bokitin roba mai murfin da ke kamawa gam. Ka jefa ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka rufe kayan da bai gama bushewa ba.
4. Kada bokitin ya zauna a ƙasa. Duk wanda ya yi damina a Diobu ya san yadda kwata take cika ta shigo rumfa.
5. Ka rufe na kan tebur. Baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun wajen 2016 yana shiga tsakanin rassan, kuma idan ya shiga ba ya fita sai da wanki, wanki kuwa jiƙawa ne.
6. Ka ware guda ɗaya ta talla. Ka riƙa canja mata ruwa kullum, bayan kwana biyu ko uku ka cire ta ta bushe sarai. Idan ta daɗe a ruwa ruɓewa take, kwanon kuma ya zama gidan sauro.

Wanda zai shigo da su da yawa daga waje kuma ya sani kayan tsirrai suna ƙarƙashin hukumar NAQS mai kula da shige da ficen kayan gona, sai da izininta. Wanda kuma ya ƙulla ta a leda ko kwalba ya rubuta cewa magani ce, ya shiga hurumin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ita ke yi wa magungunan gargajiya rajista.

Maganar masu ciki

Wannan ita ce ta fi damuna, don a nan ba kuɗi ake asara ba. Al'ada ce daɗaɗɗiya a ƙasashen Larabawa da Asiya, ta kuma iso mana, a jiƙa Kaffu Maryam a ba mai naƙuda ruwan ta sha, wai yadda ciyawar ta buɗe haka haihuwa za ta zo da sauƙi. Ana kuma ba da labarin cewa Nana Maryam ta damƙe ta lokacin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wannan labarin baka ne. Itacen da Suratu Maryam ta ambata a wurin haihuwar dabino ne.

Ruwan jiƙon ba shi da ma'auni. Dunƙule babba da ƙarami ba ɗaya ba, jiƙon awa ɗaya da na kwana ba ɗaya ba. A Indunusiya da Malesiya, inda shan sa ya yaɗu sosai, likitoci sun sha yin gargaɗi a kansa saboda haɗarin naƙuda mai tsanani da tsagewar mahaifa. Ko ruwan naƙuda na asibiti ai ɗigo-ɗigo ake sa shi, ana duba uwa ana sauraron bugun zuciyar jariri. Sannan a kasuwarmu an cakuɗa shukar biyu, mace tana iya shan jiƙon ta Meziko tana zaton ta Makka ce. Ga ƙura da fumfunar da ke jikin kayan da ya daɗe a rumfa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Bai kamata mu ƙara ko ɗaya da hannunmu ba. Ni dai idan namiji ya zo ya ce don matarsa mai ciki yake nema, nakan ce masa, "Malam, ka kai ta awo, ka kai ta asibiti ta haihu. Wannan ka ajiye ta a falo yara su yi kallon ikon Allah." Wasu sukan ji haushi su tafi wata rumfa. Na gwammace hakan.

Haka kuma kwastomomi 'yan Kudu da yawa suna saye don neman sa'a, su sa tsabar kuɗi a kwanon, su yayyafa ruwan a ƙofar shago. Abin da mutum zai yi da kayansa shi ya sani. Amma ni ban taɓa ce wa kowa tana jawo kuɗi ba. Da tana yi, da wanda ke da kwali guda a ƙarƙashin tebur bai kwana a rumfar haya ba. Mu baƙi ne a garin nan, amana ita ce jarinmu. Ranar da aka kama mutum ɗaya da ƙarya, ba sunansa za a kira ba, "Aboki" za a ce, ta shafe mu duka.

Busasshen furen da ke namu

Wanda yake son kasuwar busasshen fure da gaske, ai muna da namu a gida: zoɓo. Jigawa da Kano da Katsina suna noma shi, kasuwar Maigatari ta shahara da shi, kuma abin dariyar shi ne Meziko ɗin nan da ake kawo mana ciyawarta ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. An taɓa dakatar da shigar da shi can na wasu shekaru saboda ƙwaron ajiya da aka samu a kaya, wato dai darasin ɗaya ne: busasshen kaya, ajiyarsa ita ce rabin cinikinsa. A nan Kudu ma ba unguwar da ba a dafa zoɓo a sayar a gora, kuma wanda ya saya yau gobe zai dawo.

Yaron nan mai baro, na jiƙa masa guda biyun a gabansa ya zauna ya kalla, ya nemi iri a jikin koriyar bai samu ba. Da kuɗin adashin ya sari rabin buhun zoɓo da ɗan citta, na ba shi gefen tebur. Kaffu Maryam ɗaya kuma na ba shi kyauta, ya ce zai kai wa mahaifiyarsa idan ya je gida da Sallah. Na ce ya gaya mata ta kallo ce.

Duk wanda ya gwada noma ta a garinsu, ko yana da wata dabarar ajiya da ta fi tawa, ya rubuto mu ƙaru. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sauki masu ciki lafiya.